Dodon Bango Da Dodon Zuci: Tarken Fina-finan Da Aka Ɗauko Daga Labaran Lovecraft

Lokacin da Bahaushe ya fara ganin hoto yana motsi a jikin gini, bai jira masana sun raɗa wa abin suna ba. Ya kira shi majigi, ya kuma kira shi dodon bango. Sunan farko aro ne daga bakin Turawa, na biyun kuwa hukunci ne, domin wanda ya ƙirƙiro shi ya haɗa abu biyu da ba su saba zama inuwa ɗaya ba: dodo, wanda gidansa duhu ne kuma ba a saninsa sai ta labari, da bango, wanda yake tsaye a fili har yaro ma yana iya dafa shi. Dodon da ya yarda aka manna shi a bango ya riga ya sayar da rabin kwarjininsa. Wannan magana nake son in bi diddiginta a cikin wasu tsofaffin fina-finan Amurka na ban tsoro, waɗanda aka gina a kan ƙagaggun labaran H. P. Lovecraft, kuma waɗanda yau ɗalibi a Gwandu ko Kalgo yake iya kallo a wayarsa yana ƙyalƙyala dariya a daidai wurin da aka shirya zai rufe ido.

Lovecraft ya rasu a garin Providence a 1937, shekarar da aka buɗe sinimar Rex a Kano. Ya mutu matalauci, mafi yawan labaransa a warwatse cikin mujallu masu arha irin su Weird Tales, bai ga ko ɗaya daga cikinsu a allon majigi ba. Abin da ya bambanta shi da sauran marubutan labaran firgici shi ne irin tsoron da ya zaɓa. A adabinmu na baka, kowane abin tsoro yana da dalili, yana kuma da magani. Maye ya kama kurwar yaro don kwaɗayi, a ritsa shi a sa ya tsallake yaron. Aljani ya shafi mace don ta zuba ruwan zafi da almuru ba ta yi bisimilla ba, a kira malami ya yi ruƙiyya. Duk munin abin, ya san da zamanka, kai yake nema. Halittun Lovecraft ba su neman kowa. Sun girmi ɗan Adam da shekaru miliyoyi, sun zo daga bayan taurari, kuma idan suka hallaka gari, sun yi ne kamar yadda saniya ke taka gidan tururuwa a kan hanyarta ta zuwa mashaya. Manazarta suna kiran wannan jigo da sunan da za a iya mayarwa firgicin sararin samaniya: mutum ya gane cewa halitta tana da faɗin da bai taɓa zato ba, kuma babu wanda ya damu da shi a cikinta.

Labarin da ya fi fito da wannan jigo, a ganina, shi ne The Colour Out of Space na 1927, kuma shi ne wanda mutumin ƙasarmu zai fi ji a jikinsa, domin labarin manomi ne. Wani dutse ya faɗo daga sama a 1882 kusa da rijiyar Nahum Gardner. Malaman jami'a suka zo suka gutsuri yanki, yankin ya yi ta ƙanƙancewa a ɗakin gwaji har ya ɓace, ba su gano komai ba sai wani launi da bai yi kama da kowane launi da ido ya sani ba. Da kaka ta yi, itatuwan gonar suka yi 'ya'ya manya masu sheƙi irin waɗanda ba a taɓa gani ba, Nahum ya ƙaro mazubai don murna, da aka kai baki sai ɗaci. Daga nan ciyawa ta soma toka-toka, dabbobi suka lalace suna marmashewa tun da ransu, matarsa ta zautu ya kulle ta a ɗakin sama, 'ya'yansa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ɗayansu ya fita ɗiban ruwa da fitila da bokiti bai dawo ba. Shi kansa Nahum ya yi ta laluben laifin da ya yi wa Ubangiji, bai samu ba. Duk wanda ya taɓa ganin manomin albasa a Aliero, ko na shinkafa a fadamar Gulbin Kabi, tsaye a kan gonar da ta yi kyau a ido alhali ta mutu a ciki, ya san irin shirun da ke cikin wannan labari. Mai ba da labarin ma'aikacin safiyo ne da aka turo domin za a yi madatsar ruwa a kan wurin, ya ajiye aikin, ya kuma ƙudurta ba zai taɓa shan ruwan da za a ba birnin ba. Babu wanda aka kashe, babu abin da aka ci da yaƙi. Rijiyar tana nan a ƙarƙashin tafki.

Yanzu a dubi abin da Daniel Haller ya yi da shi a 1965, a fim ɗin da aka sa wa suna Die, Monster, Die! Tun daga sunan an san an sauka daga kan hanya, domin an yi alkawarin dodo, an kuma yi alkawarin mutuwarsa. An ɗauke labarin daga gonar talaka an kai shi wani tangamemen gida a Ingila. Nahum ya tashi daga manomi ya koma attajiri mai binciken kimiyya, Boris Karloff ne ya fito a matsayinsa yana zaune a keken guragu, a lokacin ya haura shekara saba'in. An ƙirƙiro masa 'ya budurwa, an kawo mata saurayi Ba'amurke wanda zai cece ta. Launin da ba shi da suna ya koma wani koren dutse mai ƙyalli a ƙarƙashin gida, aka ce tururin nukiliya yake fitarwa. An kuma ba Nahum uba mai tsafi, aka sa shi da kansa yana gwaji da dutsen don ya girmar da tsirrai. A ƙarshe ya rikiɗe ya zama wani mutum mai fuskar azurfa yana bin mutane a kan matakala, gida ya kama da wuta, masoya suka tsira.

Masu tarken wannan fim sukan tsaya a kan arhar kayan aikinsa, su yi ba'a ga fentin azurfa da halittun roba da ke cikin keji. Ni a wurina ɓarnar ta riga ta auku tun a kan takarda, kafin a kunna kyamara. An mayar wa labarin abubuwa ukun da Lovecraft ya cire da gangan: dalili, mai laifi da magani. Da zarar an ce Nahum ya jawo wa kansa, mai kallo ya samu sauƙi, domin shi bai ajiye dutse a gidansa ba. Manomin asali bai yi komai ba, kuma wannan ne ya sa babu mai karatun da zai ce abin ba zai same shi ba.

Fim na farko a wannan jeri, The Haunted Palace na Roger Corman a 1963, ba sai an daɗe a kansa ba. An ɗauko shi daga The Case of Charles Dexter Ward, amma kamfanin American International Pictures ya ga sunan Lovecraft ba zai sayar da tikiti ba, sai ya ari sunan wata waƙar Edgar Allan Poe ya laƙaba masa. Vincent Price ya fito a matsayin matsafi da jikansa na nesa, yana ɗaga gira ɗaya idan ruhin kakan ya shige shi, yana sauke ta idan ya fita. Ina son wasansa, amma irin son da nake yi wa tashe ne. Idan yara suka fito da Tsoho da Gemu cikin watan azumi, kowa ya san gemun auduga ne, kowa ya san ɗan gidan wane ne a ƙarƙashin tsumman, kuma daɗin wasan yana cikin wannan sanin. Price ya san mun sani. Halittar da ke cikin ramin gidan kuwa an nuna ta a dusashe, koriya, tana rawa kamar abin da aka hango ta cikin ruwan kwata.

The Dunwich Horror na 1970, shi ma aikin Haller, ya fi ba ni abin faɗa, saboda wani kare. A labarin asali na 1929, Wilbur Whateley mummunan halitta ne mai fuskar bunsuru, tsawonsa ya kusa ƙafa tara, karnukan gari sun tsane shi tun yana jariri. Ya shiga ɗakin karatu na jami'a da dare don ya saci wani littafi, karen gadi ya yayyaga shi, sai a sannan aka ga abin da tufafinsa suke ɓoyewa. Duk wanda aka yi wa tatsuniya a gindin kaka zai gane wannan wuri nan take, domin a tatsuniyoyinmu ma sau da yawa karnuka ne maganin Dodo. Ɗan'uwan tagwaicinsa kuwa kusan ba a ganinsa sam. Mutanen ƙauye suna wayar gari su tarar da itatuwa a kakkarye, da gida a murƙushe kamar ƙwai, da sawu masu faɗin bakin ganga, su auna girmansa da sawunsa kamar yadda maharbi ke yi. A fim sai aka mayar da Wilbur kyakkyawan saurayi mai gashin baki, Dean Stockwell, yana zuba wa Sandra Dee magani a shayi yana zare mata ido. An kori karen daga aikinsa. Idan ɗan'uwan ya taso, sai allo ya riƙa walƙiya da ja da shuɗi, a ga wasu abubuwa kamar macizan roba suna wutsil-wutsil.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A adabin firgici, gani yakan kori tsoro tare da jin. Gwanar tatsuniya ba ta ɓata lokaci wajen siffanta Dodo. Takan ce ga tsawo, ga gashi, ta sauke murya, ta bar sauran aikin ga duhun tsakar gida da zuciyar kowane yaro, shi ya sa yara goma suke kwana da dodo goma, kowanne an ɗinka shi daidai wuyan mai shi. Alƙalami yana da wannan dama: marubuci yana iya cewa abin ya fi ƙarfin siffantawa, mai karatu ya yarda ya cike gurbin. Kyamara ba ta da kalmar da za ta ce haka. Dole ta nuna wani abu, kuma duk abin da ta nuna yana da iyaka, yana da gefe, an saye shi da kuɗi a wani shago. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Fim kuwa ana maimaita shi, ana tsayar da shi, yau har ana matso da hoton da yatsa biyu a ga inda aka liƙa robar.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce marubuci gwani ne, masu fim suka ɓata masa aiki. Amma akwai littafin nan da Wilbur ya je sata, wanda kuma matsafin The Haunted Palace yake karantawa, wanda daga baya ya ɓulla a jerin fina-finan Evil Dead. Sunansa Necronomicon, kuma babu shi a duniya, Lovecraft ne ya ƙage shi, har ya rubuta masa tarihi a 1927. A cewar wannan tarihi, asalin littafin da Larabci yake, sunansa Al Azif, mawallafinsa wani mahaukacin mawaƙi ne daga San'a ta ƙasar Yaman mai suna Abdul Alhazred, wanda ya rayu zamanin Banu Umayya, ya shekara goma shi kaɗai a hamada, ya yi iƙirarin ya ga birnin Iram, ya ƙare a Dimashƙa a shekarar 738. Har ya jingina labarin mutuwarsa ga Ibn Khallikan, marubucin tarihi na gaske, sai dai ya ajiye shi a ƙarni na 12 alhali mutumin ƙarni na 13 ne.

A nan ne mai karatu daga Gwandu yake tsayawa a wurin da mai karatu daga Amurka ba ya tsayawa. Mu garinmu garin littattafan Larabci ne rubutun hannu. A nan hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, mai Diya'ut Ta'wili a tafsiri, mai Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Tsohon littafi cikin gafaka, takardunsa sun yi ja, an kewaye matani da ƙananan sharhi, abu ne da ake ɗauka da alwala ana sumbata. Wannan siffa ce Lovecraft ya zaɓa ta zama ƙofar halaka. Iram ɗin da ya mayar matattarar dodanni, yaron makarantar allo yana karanta sunanta a Suratul Fajri tun bai yi nisa ba. Sunan mawallafin ma ba zai wuce gaban ɗalibin da ya fara nahawu ba, domin Abdul ya riga ya haɗiye alif da lam, sai ga su an sake kawowa a Alhazred. Suna ne da Lovecraft ya ɗauka wa kansa yana ɗan shekara biyar, bayan ya kamu da son hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya, kuma bai girme shi ba har ya mutu.

Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya buɗe labarin tsoro ya tarar shi ne abin tsoron. Ƙyamar da Lovecraft yake yi wa baƙar fata da baƙin haure ba ɓoyayya ba ce, tana cikin wasiƙunsa, tana cikin The Horror at Red Hook, tana cikin The Call of Cthulhu, inda masu bautar dodon kusan duka ma'aikatan jirgin ruwa ne masu gaurayen jini da mutanen da ba Turawa ba. Sau da yawa idan aka ɗaga mayafin abin nan da ya ce ba ya siffantuwa, abin da ke ƙasa maƙwabci ne mai wata fata da wani harshe. Saboda haka nake ganin fina-finan nan, ba da niyyarsu ba, sun yi wani adalci. Da aka tilasta wa littafin ya fito fili, sai ga shi kundi ne na kwali da aka shafa wa ƙasa, ɗan wasa yana riƙe da shi yana karanto surkulle da babbar murya, hannayensa a kafe a gefen kunnuwa. Abin da rubutu ya lulluɓe da kwarjini, allo ya nuna dodorido ne. Dariyar da ɗalibin Kalgo yake yi a nan tarke ce ingantacciya, ko da bai san sunanta ba.

Sai dai ba zan yarda a yi amfani da wannan a share Lovecraft gaba ɗaya ba. A The Colour Out of Space babu Balarabe, babu littafi, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da ya rubuta. Tsoron da ke cikinsa na gaske ne, kuma kishiyar wanda muka gada ne. Waƙoƙin wa'azi na masu jihadi, irin Sharuɗɗan Ƙiyama ta Nana Asma'u, su ma suna tsayar da ɗan Adam a gaban girman da ya fi ƙarfin hankalinsa, ranar da duwatsu za su tashi, sammai su naɗe. Amma a can faɗin yana da Mai shi, kuma abin firgitar shi ne za a kira ka da sunanka, ba a manta da ko ƙwayar zarra ta aikinka ba. Lovecraft bai yi imani da Allah ba, firgicinsa shi ne babu mai kira. Ɗaya tsoron a gan ka ne ciki da bai, ɗayan tsoron kada a taɓa ganinka. Musulmin Gwandu ba zai karɓi na biyun a matsayin gaskiyar halitta ba, amma ya san ɗanɗanonsa. Wanda ya taɓa tsayawa a kufan Surame, a gaban ganuwar dutsen da Kanta ya gina a ƙarni na 16, ya ga yadda daji ya cinye birnin da ya gagari Songhai, ya san akwai wani shiru da ke sauka a zuciya kafin baki ya kai ga istirja'i. A cikin wannan ɗan tsakanin Lovecraft ya kafa bukkarsa, ya ƙi gaba.

Abin da ya sa wannan tarke ya shafe mu shi ne masana'antarmu ta fim, tun daga Turmin Danya a 1990, tana ta maimaita kuskuren Haller duk lokacin da ta taɓa aljanu. A shafa wa ɗan wasa farar hoda, a zagaye idonsa da baƙi, a sa muryarsa ta riƙa amsa-kuwwa, ya ɓace ya ɓullo da ƙarar kwamfuta. Mun gaji wani abu daga fina-finan Indiya irin Nagin na 1976, mun ƙara namu. Mutanen da ba za su bi ta gindin tsamiya da tsakar rana ba, su ne suke kwashewa da dariya idan aljanin tsamiya ya fito a allo, kuma ba imaninsu ne ya ragu ba, hodar suka gani. Hanya biyu na ga ta ɓulle wa waɗanda suka gwada. Stuart Gordon, a Re-Animator na 1985, ya rungumi dariyar da gangan, ya sa yankakken kai yana magana daga cikin faranti, ya yi abin da marigayi Rabilu Musa Ibro ya fahimta tuntuni, wato idan za a yi maka dariya gara kai ka shirya ta. Huan Vu kuwa, a fim ɗin Jamus mai suna Die Farbe na 2010, ya ɗauki labarin manomin nan cikin baƙi da fari, ya bar launi ga abin da ya fito daga rijiya kaɗai, ta yadda idon da ya saba da toka zai ji baƙuncinsa.

Da wani zai kawo labarin Nahum fadamar Kalgo, ba ya bukatar roba ko fenti. Yana bukatar rijiya da guga, da albasa manya-manya jere a kan buhu waɗanda dillali ya gutsura ya tofar, da akuyar da ta ƙi shan ruwan da aka zuba mata, da maƙwabta da suka fara canza hanya idan za su kasuwa. Sai yaro ya ɗauki tocila da bokiti bayan isha'i, kyamara ta tsaya a bakin zaure tare da uwarsa.